Ciwon Dajin Babban Hanji da Dubura: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi yawo a bakin waɗanda aka tabbatar musu da ciwon, da masu jinyarsu, da waɗanda suka ga jini a bayan gida hankalinsu ya tashi. Kowace amsa tana tsaye da ƙafarta, amma inda zance ya haɗu da wani an sa lambar da za a duba.

1. Wane ɓangaren hanji ciwon yake kamawa?

Hanjin mutum kashi biyu ne. Ƙaramin hanji shi ke tsotse amfanin abinci, daga nan ragowar ta wuce babban hanji, wanda tsawonsa ya kai kimanin mita ɗaya da rabi. Aikinsa tsotse ruwa da mayar da ragowar abinci bayan gida. Ƙarshensa, wajen santimita 12 zuwa 15 kafin mafita, nan bayan gida yake taruwa, kuma shi ake nufi da dubura a wannan shafi. Ana haɗa dajin babban hanji da na dubura a suna ɗaya saboda asalinsu ɗaya ne, sai dai maganinsu ya ɗan sha bamban, kamar yadda amsa ta 15 ta nuna.

A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, shi ne na uku a yawa cikin cututtukan daji, kuma na biyu wajen kisa. A shekarar 2020 an samu sababbin masu ciwon sama da miliyan 1.9, mutane sama da 930,000 kuma suka rasu.

2. Ta yaya yake farawa?

Galibi da ɗan tsiro yake farawa a bangon hanji ta ciki, wani mai ɗan wuya, wani a shimfiɗe. Tsiron ba daji ba ne, kuma mafi yawansu har mutum ya tsufa ba sa zama komai. Amma wasu, musamman irin da likitoci ke kira adenoma, ƙwayoyinsu suna tara kurakurai a hankali har su daina bin umarnin jiki, su riƙa hayayyafa ba kaidi, su fara cin bangon hanjin.

Tafiyar nan tana ɗaukar shekara goma ko fiye a yawancin mutane. Wannan shi ne abu mafi muhimmanci a duk shafin nan. Cututtukan daji kaɗan ne suke ba mutum irin wannan rata, kuma kaɗan ne ake iya cire tushensu tun kafin su zama daji. Tsiro ba ya ciwo, sau da yawa ba ya nuna wata alama, shi ya sa ake neman sa da gwaji (amsa ta 9).

3. Me ke jawo shi?

Ba a iya nuna abu guda a ce shi ne ya sa wa wane ciwon. Abin da aka sani shi ne abubuwan da ke ƙara haɗari. Na gaba-gaba shekaru ne: mafi yawan masu ciwon sun haura 50. Sai tarihin dangi, wanda ya cancanci amsa tasa daban. Sai wanda aka taɓa cire masa tsiro ko ya taɓa yin ciwon. Sai masu doguwar cutar kumburin hanji, wato cutar Crohn da ’yar uwarta mai gyambon babban hanji, waɗanda ake fara duba hanjinsu a kai a kai bayan shekara 8 zuwa 10 da fara ciwon. Maza sun ɗan fi mata kamuwa.

Akwai kuma waɗanda ke hannun mutum: ƙiba, musamman teɓa, yawan zama ba motsa jiki, shan taba, shan giya, yawan cin sarrafaffen nama, da ƙarancin ganye, wake, ’ya’yan itatuwa da hatsin da ba a surfe ba. Ciwon suga nau’i na biyu ma yana ƙara haɗari. Duk da haka, ana samun siririn mutum mai motsa jiki, bai taɓa sa taba a baki ba, ya kamu. Bai kamata a zauna ana yi wa majinyaci lissafin abin da ya ci ba.

4. Mahaifina da wannan ciwon ya rasu. Ana gadonsa?

Ana gadon saukin kamuwa, ba lallai ciwon kansa ba. Wanda mahaifinsa, mahaifiyarsa, ɗan uwansa na jini ko ɗansa ya yi ciwon, haɗarinsa ya kai kusan ninki biyu na sauran mutane, kuma ya fi haka idan ɗan uwan ya kamu da ƙuruciya ko sun kai biyu. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a fara gwaji a shekara 40, ko shekara goma kafin shekarun da ɗan uwan ya kamu, duk wanda ya riga zuwa. Idan mahaifinka yana da 45 aka gano, kai a 35 ya kamata a leƙa hanjinka.

Akwai gado mai ƙarfi iri biyu da ya kamata a sani. Na farko ciwon Lynch, wanda ya ci sunan likitan Amurka Henry Lynch. Shi ke da alhakin kusan kashi 3 cikin 100 na masu dajin hanji. Matsalar tana cikin ƙwayoyin gado masu gyara kurakuran halitta, kuma a matan gidan yana jawo dajin mahaifa. Don haka idan likita ya tambayi tarihin gidanku, kada a tsaya kan hanji kawai, a faɗi har goggon da ta yi dajin mahaifa. Na biyu ana kiransa FAP: tsiro ɗaruruwa ko dubbai ke fitowa tun daga samartaka, kuma idan ba a cire babban hanjin ba, kusan tabbas zai zama daji a wajen shekara 40. A iri biyun nan, kowane ɗa yana da rabin yiwuwar gado daga uwa ko uban da ke ɗauke da shi.

5. Da gaske nama yana kawo shi?

A 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon a Faransa, ta sa sarrafaffen nama a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji. Ana nufin naman da aka adana da gishiri, hayaƙi ko sinadarai, irin su sosej da naman gwangwani. Ta ƙiyasta cewa cin giram 50 kullum yana ƙara haɗarin da kusan kashi 18 cikin 100. Jan nama, wato na shanu, tumaki, awaki da makamantansu, an sa shi a mataki na ƙasa, cewa mai yiwuwa ne.

A lura, kashi 18 ɗin ƙari ne a kan haɗarin da mutum yake da shi tun asali, ba wai mutum 18 cikin 100 za su kamu ba. Magana ce ta yawa da nacin kullum. Ba wanda ya ce a haramta wa kai nama.

6. Shekaruna 34. Ai ciwon tsofaffi ne ko?

Ya fi yawa a manya, amma tun tsakiyar shekarun 1990 ake ganin yana ƙaruwa a ’yan ƙasa da 50 a ƙasashe da dama. Ɗan wasan fim Chadwick Boseman yana da shekara 43 ya rasu da shi a 2020. Wannan ƙaruwar ce ta sa a Amurka aka sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45 a 2021. Matasa sun fi zuwa a makare, domin su da masu duba su duka ba sa kawo ciwon a rai.

7. Waɗanne alamomi ne ya kamata su kai mutum asibiti?

Jini a bayan gida, ja ko mai duhu. Canjin yanayin bayan gida da ya wuce mako uku, ko gudawa, ko taurin ciki, ko su riƙa karɓa-karɓa. Jin kamar ba a gama ba bayan an fito daga ban ɗaki. Bayan gida ya sirance. Ciwon ciki ko kumburi mai naci. Rama ba dalili. Kasala da haki.

Wurin da ƙarin yake yana canza alamar. Na ɓangaren hagu da dubura ya fi nuna jini a fili da toshewa, domin hanyar ta fi ƙunci kuma bayan gida ya riga ya yi tauri. Na ɓangaren dama kuwa yakan yi ta tsiyayar da jini kaɗan-kaɗan wanda ido ba ya gani, sai dai mutum ya yi fari, a auna a ce jininsa ya yi ƙasa. Namiji babba ko macen da ta daina al’ada, idan aka ce suna da ƙarancin jini na rashin sinadarin ƙarfe, maganin ƙarin jini kaɗai bai wadatar ba, sai an nemi inda jinin yake zuba. Idan kuma ciki ya kumbura, ga amai, ba bayan gida ba tusa, wannan na gaggawa ne, ba a kwana da shi.

8. An ce mini basir ne. Yaya zan bambance?

Da kanka ba za ka iya ba. Gaskiya ne mafi yawan jinin da ake gani a bayan gida daga basir yake, ko tsagewar dubura, ko atini. Jinin basir yakan zo ja wur, yana ɗiga bayan an gama, na daji kuma yakan cakuɗe da bayan gida, wani lokaci da majina. Amma wannan ba ma’auni ba ne da za a dogara da shi, domin ƙarin da ke ƙasa-ƙasa a dubura yana zubar da jan jini sak irin na basir. Kuma mutum ɗaya yana iya samun duka biyun.

Nan ne aka fi asarar lokaci. Kalmar basir tana kwantar da hankali, ga ta da saukin faɗa, sai mutum ya shekara yana shan magani iri-iri, jinin ya ɗauke ya dawo, shi kuma ƙarin yana ta girma. Kunya ma tana taka rawa, don ba kowa ke son a duba masa wannan wuri ba. Alhali dubawar da likita zai yi da yatsa ba ta wuce minti ɗaya ba, kuma tana gano ƙari da dama na ƙasan dubura. Duk wanda ya ce maka basir ne bai duba ba, hasashe ya yi. Idan an duba an ba da magani, jinin bai tsaya ba cikin ’yan makonni, ko akwai wata alama daga amsa ta 7, a koma a nemi a leƙa hanjin.

9. Lafiyata ƙalau. Wane gwaji zan yi, kuma yaushe?

Ga wanda ba shi da alama ba shi da tarihin dangi, ana farawa daga shekara 45 ko 50, gwargwadon tsarin ƙasa, a ci gaba zuwa wajen 75. Hanya mafi sauƙi ita ce gwajin bayan gida mai suna FIT, wanda ke gano ɓoyayyen jini. Ana maimaita shi duk shekara ko duk shekara biyu. Idan ya nuna jini, ba yana nufin daji ba ne, yana nufin dole a yi kolonoskofi, wato leƙa hanji da kyamara (amsa ta 10). Wanda ya yi FIT ya nuna jini sannan ya ƙi zuwa mataki na gaba, wahalar banza ya yi.

Hanya ta biyu ita ce a tafi kolonoskofi kai tsaye, idan an samu hanjin tas sai bayan shekara goma. Gwajin jini na CEA, wani sinadari da kan ƙaru a jinin masu dajin hanji, ba a amfani da shi wajen tantance masu lafiya, amfaninsa yana cikin amsa ta 19.

10. Yaya ake yin kolonoskofi? Da zafi?

Siririn bututu ne mai lanƙwasa da kyamara a bakinsa, ana shigar da shi ta dubura a bi babban hanji har ƙarshensa. Yakan ɗauki rabin awa zuwa awa ɗaya, kuma galibi ana ba da maganin da ke sa gyangyaɗi. Idan an ga tsiro, a nan take ake cire shi. Idan ƙari ne, a yanko ɗan kaɗan a kai ɗakin gwaji, domin ba hoton da ke tabbatar da daji sai an duba tsokar a madubin likita.

Waɗanda suka yi sukan ce daren shiri ya fi aikin wuya, saboda maganin wanke ciki da ake sha. A daure a shanye shi yadda aka ce. Hanjin da bai wanku ba yana ɓoye tsiro, a ƙarshe a ce a sake. Huda hanji ko zubar jini mai yawa suna faruwa amma ba safai ba.

11. Me ake nufi da mataki na 1 zuwa na 4?

Bayan an tabbatar, ana yin hoton CT na ƙirji da ciki, da MRI idan a dubura ne, don a ga inda ciwon ya kai. A mataki na 1 yana cikin bangon hanji. A na 2 ya ratsa bangon amma bai kai kaluluwa ba. A na 3 ya shiga kaluluwar da ke kusa. A na 4 ya tsallaka wata gaɓa, galibi hanta ko huhu.

Alƙaluman Amurka sun nuna kusan 90 cikin 100 na waɗanda aka gano ciwon bai bar hanji ba suna wuce shekara biyar, sama da 70 idan ya kai kaluluwa, ƙasa da 20 idan ya yi nisa. Lissafin jama’a ne, ba hukuncin mutum ɗaya ba, amma ya isa ya nuna tsadar jinkiri.

12. An ce idan aka taɓa daji da wuƙa sai ya bazu. Haka ne?

A’a. Tiyata ita ce ginshiƙin warkewa a mataki na 1 zuwa na 3. Ana yanke yankin hanjin da ƙarin yake, tare da jijiyoyinsa da kaluluwarsa, ana so a samu kaluluwa aƙalla 12 a duba, sannan a ɗinke bakin hanjin biyu. Ana iya yi ta buɗe ciki ko ta ƙananan huji da kyamara. A dubura ana cire ta ne tare da kitsen da ya lulluɓe ta gaba ɗaya, salon da likitan Ingila Bill Heald ya yaɗa daga 1982, wanda ya rage dawowar ciwon sosai.

Asalin wancan zance ba ɓoyayye ba ne. Mutum ya zo a makare, aka buɗe ciki aka tarar ciwon ya riga ya bazu, bayan ’yan watanni ya rasu, sai dangi su ɗora wa wuƙa.

13. Dole ne a sa mini jaka a ciki?

Mafi yawan masu dajin babban hanji ba sa bukata. Inda ake yi, ana fito da bakin hanji ta fatar ciki, bayan gida ya riƙa zuba a jakar da ke manne. Sau da yawa ta wucin gadi ce, don ɗinkin da ke ƙasa ya warke, bayan wasu watanni a mayar. Takan zama ta dindindin idan ƙarin ya sauko har ya kama tsokar da ke riƙe bayan gida. Makonnin farko suna da nauyi a zuciya, ba a musu. Amma masu jaka suna aiki, suna tafiye-tafiye, suna zaman aure, kuma ba mai ganewa a ƙarƙashin riga. Akwai waɗanda tsoron jaka ya sa suka guje wa tiyatar da za ta warkar da su, suka dawo lokacin da jakar ta zama dole, warkewar kuma ta kuɓuce.

14. Tunda an cire ƙarin, me ya sa ake cewa in yi kemo?

Saboda ƙwayoyin da suka riga suka sulale, waɗanda hoto ba ya gani. A mataki na 3, da wasu masu mataki na 2, ana ba da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, na wata uku zuwa shida bayan tiyata. Tsohon maganin da ake ginawa a kai shi ne 5-FU, wanda aka samar tun 1957, ko ƙwayar capecitabine da ke rikiɗa ta zama shi a cikin jiki. Ana haɗa su da oxaliplatin, haɗin da za ka ji ana kira FOLFOX ko CAPOX.

Illolin sun haɗa da kasala, tashin zuciya, gudawa, gyambon baki da raguwar ƙwayoyin jini. Oxaliplatin yana da tasa ta daban: yatsu su riƙa dindiris, taɓa abu mai sanyi ya zama kamar jan lantarki. A faɗa wa likita da wuri, don idan aka yi shiru matsalar tana iya zama ta dindindin. Gashin kai yakan yi sauƙi amma ba safai yake zubewa duka ba. Zazzaɓi a lokacin kemo kuwa, ko da tsakar dare ne, asibiti ake tafiya.

15. Me ya sa aka yi wa wani gashi, ni ba a yi mini ba?

Gashi da haske, wato ƙona ƙarin da haske mai ƙarfi na na’ura, an fi yin sa a dajin dubura. Dubura tana cikin ƙugu, wuri matsattse, kusa da mafitsara da gaɓoɓin haihuwa, don haka ciwon ya fi saurin dawowa a wurin. Ana gasa ƙarin kafin tiyata don ya motse, ko na kwana biyar a jere, ko na mako biyar zuwa shida tare da kemo. A wasu mutane ƙarin yana ɓacewa gaba ɗaya, har likitoci su zaɓi sa ido sosai maimakon yanka. Wanda ke son haihuwa nan gaba ya tayar da maganar kafin a fara, domin gashin ƙugu yana taɓa ƙwan mace da maniyyi.

16. Likita ya ce za a gwada ƙwayoyin ƙarin kafin a zaɓi magani. Don me?

Domin dajin hanji ba iri ɗaya ba ne. Magungunan cetuximab da panitumumab ba sa aiki idan ƙarin yana da canji a ƙwayar gado ta RAS, kuma kusan rabin masu ciwon suna da shi. Bevacizumab kuma hanyoyin jinin da ke ciyar da ƙarin yake tarewa.

Gwaji na biyu yana duba ko tsarin gyaran kurakurai na ƙarin ya lalace. Kusan kashi 15 cikin 100 haka suke, amma a mataki na 4 ba su wuce kusan kashi 5 ba. Su ne magungunan zaburar da garkuwar jiki, irin pembrolizumab, suke yi wa aiki ƙwarai. A 2022 wani ƙaramin gwaji a cibiyar Memorial Sloan Kettering ta Niyok ya ba da labarin mutum 12 masu dajin dubura irin wannan, dukkansu ƙarin ya ɓace da maganin dostarlimab. Labarin ya zaga duniya a matsayin an samo maganin daji, alhali ya shafi wannan rukuni ne kawai. Gwajin tsarin gyaran kurakuran nan shi ne kuma yake fara tona ciwon Lynch (amsa ta 4).

17. An ce ya kai hanta. Shi ke nan?

Ba lallai ba. Jinin hanji ta hanta yake fara bi, shi ya sa nan ciwon ya fi sauka. Idan wuraren kaɗan ne kuma ana iya yanke su ko ƙona su, akwai waɗanda suke warkewa sarai, abin da ba kasafai ake samu ba a wasu cututtukan daji da suka yi nisa. Wani lokaci kemo ne ke motsar da su har tiyata ta yiwu. Inda ba ta yiwu ba, magani yana tsawaita rai, yana rage ciwo, yana hana toshewar hanji. Neman maganin raɗaɗi mai ƙarfi haƙƙin majinyaci ne, ba alamar an sallama ba.

18. Zan iya haɗawa da maganin ganye? Daina shan suga yana kashe ciwon?

Babu ganye ko tsarin abincin da aka tabbatar yana warkar da dajin hanji. Wasu ganyayyakin suna wahalar da hanta da ƙoda, ko su canza ƙarfin kemo, don haka duk abin da ake sha a nuna wa likita. Yanke suga ba ya kashe ƙarin da yunwa, jiki yana ƙera nasa sugan daga sauran abinci. Majinyacin da ke ramewa abinci yake bukata. Asfirin ma, duk da yana rage haɗari ga masu ciwon Lynch, yana iya jawo zubar jini a ciki, ba a fara shi sai da izinin likita.

19. Na gama magani. Me ya rage?

Bibiya ta kimanin shekara biyar. Idan ciwon zai dawo, ya fi dawowa cikin shekara uku na farko. Ana auna CEA a jini duk wata uku zuwa shida, ana yin hoton CT lokaci-lokaci, da kolonoskofi bayan shekara ɗaya da tiyata. Wanda aka yi wa aikin dubura zai iya fama da yawan zuwa ban ɗaki ko matsalar kusantar iyali, kuma duka suna da abin da ake yi musu idan an faɗa. Tafiyar ƙafa a kai a kai tana taimakawa ƙwarai.

Abu na ƙarshe da ke wuyanka shi ne ’yan uwanka na jini da ’ya’yanka. Ka sanar da su sunan ciwon da shekarun da kake da su lokacin da aka gano, don su lissafa lokacin nasu gwajin kamar yadda aka bayyana a amsa ta 4.